Mama ta gane Baba a wayata

Laraba da dare, Kafanchan

Yau na yi gwajin otizim na manya a intanet, wato lalurar nan da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa mutum wuya. Mama tana kankare citta, ina karanta mata tambayoyin don ta tuna min yarintata. Hayaniya tana damunki? Kallon idon mutane yana miki wuya?

Sai ta ajiye wuƙar. "Ladi, wannan ai marigayi Babanki ne. Da an fara ganga a coci sai ya fita. Bai taɓa kallon idona ba. Ni na ɗauka ba ya sona ne."

Gwajin ya nuna ina da alamun, ya ce likita ne zai tabbatar, kuma zan je. Can Mama ta ce, "Sake karanta min, a hankali."