Na'urata Ce Ke Jan Ƙafa, Ba Ƙwaƙwalwata Ba

Anti, ki taimake ni da shawara, kafin fushi ya sa in faɗa wa 'yar da na haifa maganar da ba ta goguwa.

Ki fara sanin cewa da hannuna na buga wannan wasiƙa. Idona ne ya tafi, yatsuna suna nan daram. Aikin buga takardu na yi a ofis tun ina budurwa, har ciwon suga ya taɓa min ido. Ya fara da dishi-dishi, daga baya ya rufe ruf. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, ban ba kowa ya duba min ba, da gangan.

Tun da abin ya faru nake zaune gidan babbar 'yata da mijinta. Ba zan yi musu butulci ba. Sun ba ni ɗaki mai taga, ba su taɓa nuna sun gaji da ni ba. Amma zaman jiran a kawo maka abinci a kwashe kwano ba rayuwa ba ce. Abin da ya dawo min da raina wata 'yar na'ura ce da na samu a cibiyar masu lalurar gani. Ba ta fi tafin hannu ba, ana zuba littattafai a wani ɗan kati da ake saka mata, ita kuma ta karanta maka da murya. Malamin da ya koya mana shi ya daidaita min ita, kuma duk sanda na je sai ya karɓa ya ɗan taɓa ta, ya ce ina ci gaba. Ni dai maɓallin kunnawa na sani, da na gaba da na baya. An canza wa malamin nan wurin aiki, ban san inda yake ba yanzu.

Ga inda matsalar take. Wani asibiti na neman mai amsa waya, cibiya ta ba da sunana, aka zuba min littafin koyon aikin don in shirya wa ganawar ɗaukar aiki. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, na'urar ta yi ta zama a jaka har batir ya mutu murus. Da na warke ta ƙi kunnuwa. Surukina ya sa ta caji, ya yi ta danne-danne har ta farfaɗo. Tun ranar muryar ta lalace. Mai karatun da na sani da kuzari yanzu jan kalma yake kamar wanda aka tasa daga barci. Kafin ya kai ƙarshen jimla na manta farkonta don haushi.

Na ba 'yata ta saurara. Ta ce lafiya lau, kamar mai karanta labarai a rediyo. Mijinta ya ji, ya ce shi ma bai ji komai ba. Daga nan sai ƙus-ƙus a bakin ƙofata. Sun manta makauniya ba kurma ba ce. Na ji ta tana cewa ko zazzaɓin ne ya taɓa wa Mama kai, ko suga ya hau. Washegari ta zo da murya mai laushi irin wadda ake yi wa yaro, wai ta nemo likitan ƙwaƙwalwa, wai in haƙura da maganar aikin nan, me na rasa a gida?

Anti, ni za a ce wa haka? Ni da nake gane wanda ya shigo falo daga takunsa? Na ce mata babu likitan da zan je, kuma ganawar nan zan je ta ko da rarrafe ne. Na daina zama cin abinci tare da su. Na ma kira ƙanwata na ce ta share min ɗaki, gidanta zan koma. Amma ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci in na kunna na ji jan nan, nakan yi shakkar kaina: mutum biyu sun ce lafiya, ni kaɗai na ce a'a. Duk da haka na san abin da kunnena ya ji. Ki gaya min yadda zan gyara na'urar, da yadda zan yi da mutanen gidan nan.

Mai Kunne Garau

*

Yaya Mai Kunne Garau,

Sannu da jiki. Ban ga kuskure ko ɗaya a wasiƙarki ba, kuma mai ruɗaɗɗen kai ba ta jera magana haka.

A zatona ke da 'yarki duk gaskiya kuka faɗa. Irin waɗannan na'urori suna da wurin ƙara gudun murya da rage shi. Mai yawan sauraro kunnensa kan saba, har ya riƙa fahimtar karatun da wani zai ji kamar ana kora. Ina kyautata zaton abin da malaminki ke taɓawa ke nan: yana ƙara miki gudu kaɗan-kaɗan. Da batir ya mutu, ko a danne-dannen surukinki, sai ta koma yadda aka ƙera ta. 'Yarki ta ji karatu daidai, don daidai ɗin ne a kunnenta. Ke kuma kin riga kin wuce wurin.

Ki sa a duba miki maɓallin gudu, ko a shiga jerin saituna. Yawancin na'urorin nan suna faɗin sunan kowane wuri da murya, don haka da kanki za ki iya. Ki ƙara kaɗan-kaɗan har ki ji muryar da kika sani.

In bai yi ba, ki cika ta da caji ki gwada tana jone da wuta, don batir mai rauni kan kawo cikas. Ki kunna wani tsohon littafi da kika san muryarsa. In shi yana tafiya daidai, to littafin aikin ne aka zuba ba daidai ba, sai a sake zubawa. In duka suna ja ko suna tsinkewa, a cire katin, a mayar, ko a gwada wani. In har yanzu shiru, ki kai ta cibiya, kada ki ba mai gyaran waya na bakin titi ya buɗe ta. Kuma in kin je, ki sa a koya miki kowane maɓalli. Macen da ta haddace allon buga takardu ba ta da uzurin tsayawa a maɓalli uku.

Yanzu maganar gida. 'Yarki ta yi kuskure da ta yi shawara a kanki a bayan ƙofa, da kuma cewa ki bar maganar aikin. Wannan hukuncinki ne, ba nata ba, ki gaya mata haka a fili. Amma ki duba daga inda take tsaye. Ta ga idon mahaifiyarta ya tafi tana kallo, ga zazzaɓi, ga ki kina jin abin da ita ba ta ji. Tsoro ne ya yi magana da bakinta, ba raini ba. Gwajin suga kuwa ki yi shi, don bayan zazzaɓi dama ya kamata, ba don an ce kanki ya taɓu ba.

Ki dakatar da ƙanwarki tukuna. Ki koma cin abinci da su. In murya ta dawo, ki kira su biyun, ki kunna musu a gudunki, ki tsayar, sannan ki maimaita musu abin da aka karanta. Ba sai kin ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Ranar ganawa ki bar 'yarki ta raka ki har ƙofa, ke kuma ki shiga ke kaɗai. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa aikin nan rabonki ne.

Anti