Kwamfutar da za ta ji muryar Baba

Ikeja, Legas
14 ga Yuli, 2001

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya mutanen Trikania? Ya jikin Baba? Yajin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Shi nake barbaɗawa a garin kwaki, sai in ji kamar ina gida. Kada ki damu, ina ci. Kwana a shagon kwamfutar da nake aiki ma na saba, sauro ne dai bai san baƙo ba.

Na saurari kaset ɗin waƙoƙin Baba da kika ɗauka. Yaya, fankar ɗaki ta fi shi murya. Mutumin da ya tsufa yana jan waƙa a coci, yau sai na kasa kunne kafin in ji shi.

Shi ya sa nake haɗa kwamfutar ɗaukar murya. Maigidana, Allah ya biya shi, ya bar ni in zaɓi kaya cikin nasa. Ba ƙarfi nake nema ba, shiru nake nema. Na ɗauki babbar fankar sanyaya kwamfuta don tana juyawa a hankali, ƙananan sai ihu. Sauran kayan ma na bi waɗanda ba sa zafi, ba sa shan wuta. Kowane faifan ajiya sai na kunna na kara a kunne, maƙwabta suna dariya, wai likita ya zo.

Zan zo da ita da Kirsimeti, in Allah ya yarda. Ki lallaɓa Baba ya daina wahalar da maƙogwaronsa. Ko raɗa ya yi, wannan za ta ji shi.

Ƙaninki,
Ishaya