Kafin Ki Kunna Kaset Ɗin

Ulaisha, Riyad
Ranar Asabar, 1977

Zuwa ga Hansai, sanyin idona, inuwata a ƙasar da itace ke wuya, ruwan randar da nake tunawa duk sanda rana ta dafa mana tanki. Ina gaishe ki. Ki gai da Inna.

Don girman Allah, idan kaset ɗin da na aiko ta hannun Dalhatu bai shiga rikodarku ba, ki fara karanta wannan. Idan kuwa kin riga kin ji shi, to ki zauna, ki bar ni in kare kaina kafin ki yanke mini hukunci.

Ranar Alhamis na ajiye tifar kamfani, muka nufi wani shagon gahawa a unguwar Dira. Bayan shagon akwai ɗan tsakar gida inda ake shimfiɗa darduma bayan la'asar a turo ƙofa, don a garin nan ba a kiɗa a bainar jama'a. Wani dattijo ɗan Yaman ya rungumo udu, molon Larabawa mai ƙaton ciki. Maiwada, abokin aikina mutumin Gusau, ya zo da gurminsa. Babu lasifika, babu ganga, tsirkiya ce kawai da tafi a hankali. Na ce wannan daɗin ba zan sha shi ni kaɗai ba. Na danna rikoda dominki.

Da udu da gurmi suka haɗe a kan take ɗaya, tsigar jikina ta tashi. Ke na gani, Hansai, tsaye a zaurenku ranar da na zo sallama, ruwa na ɗiga daga indararo, kina murza bakin mayafi kin ƙi ɗago kai. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce jamila ba. Sau uku na faɗa, kuma bakina ne mafi kusa da rikodar.

Ki saurare ni, farin watana. A bakin mutanen nan jamila ba sunan kowa ba ne, mai kyau kawai take nufi. Waƙa jamila ce, mota jamila ce, har taguwa. Duk wanda ke wurin abin da yake faɗa ke nan. Amma wa zai gaya miki haka a Funtuwa? Ke Jamila ɗaya kika sani, Jamilatu ta maƙwabtanku, wadda na taɓa ɗaukar wa buhun gero daga tasha, 'yan unguwa suka mai da shi zance, kika yi kwana tara ba ki fito zaure ba. Ni na ƙirga su.

Ban sake jin kaset ɗin ba, na naɗe shi a hankici, Dalhatu ya hau jirgi da shi jiya Juma'a. Yau wajen cin abinci Maiwada ya tambaye ni, yana dariya, wai wace Jamila ce za a kai wa saƙon. Wallahi nan take na ajiye lomar. Shi dariya yake yi, ni kuwa ina ganin ku kun kewaye rikoda, ke da Inna da ƙannenki, ƙila har da Jamilatun, muryata tana fitowa raɗau.

Ya zan yi? Fasfona yana hannun kafili, ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ba zan taka filin jirgi ba sai ya sa hannu. Gidanku babu tarho. Wannan takarda wani abokinmu Jibrin zai kawo, shi kuma sai Laraba zai tashi. Kwana biyar kaset ya riga ta. Tsoro nake ji, Hansai. Tsoron kada ki yi shiru irin naki, kada a mayar wa baffana da kayan sa rana, a rushe abin da muka shekara biyu muna ginawa saboda kalmar da ma ban iya furta ta daidai ba.

Ki tambayi Malam Sabi'u na islamiyya ma'anarta. Ki mayar da kaset ɗin baya, za ki ji dattawa masu gemu suna faɗin ta tare da ni. Su ma duk Jamilatun suka sani?

Na yi rantsuwa, kalmar nan ta bar bakina har abada. Ɗazu da yamma na koma shagon. Dattijon ya zuba mini gahawa ya tambaya ko ta yi, na ce hansai. Ya zaci haka ake cewa mai kyau da Hausa, ban gyara masa ba, don bai yi kuskure ba. Na baro shi yana shafa udunsa yana maimaitawa.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne, ko da faɗa ne.

Naki, wanda ba shi da wani suna a baki sai naki har ƙasa ta rufe masa ido,
Abdulwahid