Ƙafar Inna Malama

Litinin, 5 ga Mayu
Wata uku ke nan da na bar ɗinkin kamfani na kama tausar tafin ƙafa. Yau mutum biyu kacal, kuma kowane kai rabi nawa, rabi na mai shagon. Baban yara, da ciwon baya ya zaunar da shi, ya ce, "Albashi ko ƙarami ne ya san ranar zuwansa." Haya ƙarshen wata.

Laraba, 7 ga Mayu
Mai shagon ta nuna min hoton nan na bango, mai tafin ƙafa da aka rarraba: nan hanta, nan ƙoda. Ta ce, "Yaya, in an tambaye ki ko aikin nan yana maganin suga, ki ce e mana. Bakinki zai tsage ne?" Na ce abin da na sani yana sauke gajiya, yana sa barci. Ta ce to sai in ci gaskiyar da miya.

Tun ina riƙe allo aka koya min kada in shaidi abin da ban gani ba.

Asabar, 10 ga Mayu
Inna Malama ta zo, tsohuwar malamar makarantar nan mai ciwon suga. Sau biyu take zuwa a mako, ita ta kawo min ƙawayenta huɗu. Su ne rufin asirina.

Ina shafa mai na ga ciwo tsakanin yatsunta, gefensa ya yi baƙi. Na danna kusa, ko motsi. Ba ta ji. Tana dariya ta ce ai ta ajiye ƙwayoyin asibiti tun da hannuna ya karɓe ta, mai shagon ta ce ba sai an haɗa biyu ba.

Na gama tausar. Na karɓi kuɗin. Astagfirullah.

Lahadi, 11 ga Mayu
Sau biyu ina rikicewa a raka'o'in La'asar.

Talata, 13 ga Mayu
Na faɗa mata. Na ajiye kwalbar man na ce, "Inna, ba zan taɓa ƙafar nan ba sai likita ya gani. Ki koma kan maganinki. Hannuna ba ya warkar da suga." Ta ce, "To me nake biya, 'yar nan?"

Mai shagon tana bayan labule, ta ji komai.

Juma'a, 16 ga Mayu
'Yar Inna ta kira, an kwantar da Inna a asibiti, likita ya ce ƙafar za ta tsira, ban da yatsa ɗaya. Alhamdulillah. Ƙawayen ko ɗaya ba ta dawo ba. Mai shagon ta ce in na sake korar mata mutum, in nemi wata kujerar. Na leƙa kamfani, wata ce zaune a kan keken ɗinkina.

Laraba, 28 ga Mayu
Baƙuwa ta zo, mai hawan jini. Na duba ƙafarta sosai, lafiya lau. Ta ce, "Baba, da gaske aikin nan yana sauke shi?" Mai shagon ta daina lissafin da take yi.

Na ce, "Mutane da yawa sun ce sun ji daɗinsa."

Ba ƙarya na yi ba. Sun ce ɗin. Na so in ƙara cewa kada ta bar maganinta, sai waya ta yi ƙara, maganar ta wuce.

Ta biya kuɗin zuwa sau biyar. Zan faɗa mata ranar Asabar, in sha Allahu.