Dabinon Bayan Katanga

Ringim, Nuwamba 1992

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Iya na nan wurina, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai mita. Tun da ka kwaso ta domin gyaran gida, zancenta ɗaya ne: dabinan Baba. Ta ce in rubuto maka cewa magini ba ya da tausayin itace. Kada su kwaɓa siminti a gindinsu, kada su haƙa harsashi kusa da saiwa, kada tifa ta goge su. Na ce mata ai Yaya ma'aikacin gwamnati ne, tsare kaya aikinsa ne. Ta ce ko tunkiya ba ka taɓa tsarewa ba.

A gaida Anti Nusaiba da yara.
Ƙanwarka, Karima

Yalwawa, Dutse, Disamba 1992

Karima,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ki shaida wa Iya ta kwantar da hankalinta. Ukun nan na tsakar gida na kewaye su da langa-langa, na sa an matsar da harsashin sabon ɗakinta saboda saiwa. Wani lebura ya kafa ƙusa a jikin ɗaya don rataye riga, a ranar na sallame shi. Yanzu magina har tsokanata suke yi, wai mai gadin dabino.

Aiki na tafiya. Dogon nan na bayan katanga, wanda tun tasowarmu ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba mu ba, shi kaɗai na sa aka sare don tifa ta samu hanyar shigo da yashi. Gidan har ya ƙara haske.

Wassalam, yayanki Abdulwahab

Ringim, Janairu 1993

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta takardarka. Yaya, namijin ka sare! Ina zai ba ka ƙwaya? Shi ke ba ukun nan ciki. Duk ƙarshen sanyi Baba kan hau shi ya yanko hudarsa, ya ɗaura a cikin ta matan, Iya na ƙasa riƙe da faifai tana yi masa faɗan ya tsufa da hawa. Kai lokacin kana makarantar kwana, sai dai ka dawo hutu ka tarar da dabino a kwano. Bayan rasuwarsa ma ita ke kiran mai hawa duk shekara.

Laifin ba naka kaɗai ba ne. Ta ce dabinai, na rubuta dabinai, ban zaci akwai wanda za a yi wa bayani a gidanmu ba. Wallahi raina ya ɓaci. Ban gaya mata ba. Kullum sai ta tambaye ni ko dogon ya fara huda.

Karima

Dutse, Maris 1993

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Na daɗe ban amsa ba don kunya. Na je na tsaya kan kututturen, magina sun mai da shi wurin ajiye kwanon abinci. Na rasa wanda zan yi wa tsawa, ni na ba da umarni. Ukun sun yi huda kamar kullum, kafin in san inda zan samo ta namiji lokaci ya wuce.

Baffa Muntaka ya ce baɗi zai ba ni hudar namiji daga lambunsa, ukun za su haihu in sha Allahu. An gama ɗakin Iya, tagarta na kallon inda dogon yake a da. Ki gaya mata kafin in zo ɗaukarta, ni bakina ba zai iya ba.

Yayanki

Ringim, Afrilu 1993

Yaya,

Gaisuwa. Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce Baba ya dasa dogon a shekarar da aka kawo ta gidan. Ta ce ta yafe maka, kuma ka gode wa Baffa Muntaka, amma kada ka yi gaggawar kai wa matan nan uku hudar wani, ka bar su su yi takaba.

Zancen ɗaki kuwa, ta ce ka zuba 'yan haya. Ta saba da Ringim.

Ƙanwarka, Karima