Na'urarku Ta Raba Mini Ɗiya Biyu

Zuwa ga jami'in da ke riƙe da rajistar rigakafi ta yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwar albasa ne. Goronyo nike lodi, amma wata bakwai ke nan ina Fatakwal, gidana sai ta waya.

Na ɗaya. Ranar Talata ƙanwata ta kai ɗiyata rigakafi, ta ba da sunanta na yanka, Hauwa'u. Kwana uku yarinya na zazzaɓi, cinya ta kumbura.

Na biyu. Kun ce duk wanda ya ga haka ya kawo rahoto a sa a na'ura, don a gane in wata allura na da matsala. Uwarta ta tafi. To Hauwa'u ɗiyar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci. Wace mace ce a ƙasar Wurno za ta buɗe baki ta faɗi wannan suna gaban mutane? Ta ce Ummi. Malamin asibiti, ɗan garinmu da shi ma uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya rubuta Ummi.

Yanzu na'urarku ta ce Hauwa'u ta sha allura lafiya lau. Ummi kuwa ta yi zazzaɓi, amma ba a taɓa yi mata allura ba, saboda haka babu ruwan allura. Mi za a gano da irin wannan bincike? Gidaje nawa ke da ɗan fari tsakanin Rara da Magarya?

Na uku, wanda ya hana ni sukuni: sau biyu ma'aikatanku na yin sallama a gidana da allura, wai Ummi ta tsere wa rigakafi. Tsohuwata ce ke tare ƙofa da taɓarya, kuma ta fara gajiya.

Ban ƙi rigakafi ba. Ƙyanda ta ɗauke mini ƙane, na san abin da kuke karewa. Yarinyar ma ta warke.

Roƙona: a haɗe sunayen nan, a mayar wa Hauwa'u zazzaɓinta. A buɗe gurbin laƙabi, a riƙa tambayar goggo ko maƙwabciya. In kuma na'ura ta nace biyu ne, a aiko da ta biyun, uwarta ma na son ganinta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taya ka riƙo.

Wassalam.

Garba mai albasa, daga Fatakwal.