Salka ta Goma Sha Huɗu

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni Sha Yunusi, mai tuƙa jirgin salka, wato salkunan fatar tunkiya goma sha uku da ake hurawa a ɗaure a katako, a Rawayan Kogi na ƙasar Sin, na rubuta wannan ina cikin hankalina. Uwarku Haliche za ta ce ita ba ta taɓa ganin wannan hankalin ba, amma liman ya dubi idona bayan La'asar ya ce akwai shi, ko da kaɗan ne.

'Ya'yana Dawude da Sofiye, ba ku iya karatu ba tukuna, sai a karanta muku. Dutse ya zabtaro ya toshe hanyar ƙauyen Liushu, akwai masu rauni a can, jirgin inji kuwa ba ya shiga kwazazzabon Maƙogwaron Jaki, duwatsu za su farke masa ciki. Shekara tara ina yawo da masu ɗaukar hoto a ruwa mai sanyin hali, ina girgiza jirgi da gangan don in ji ihunsu. Gobe da sassafe ni zan ratsa Maƙogwaro da likita da akwatin magani. Rabon da a ratsa shi tun zamanin kakanku. Wallahi taliya ma ta ƙi wuce min wuya don murna. Sai dai kakanku ya shiga su uku, suka fito su biyu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Rabon gado aikin liman ne, ya raba yadda Littafi ya ce. Karatuna na masallaci bai kai in sa baki ba.

Na biyu. Filafilin kakanku na Dawude ne. Ya fi ka tsawo, kada ka yanke shi, kai za ka girma.

Na uku. Sofiye za a koya wa hura salka. Yarinyar da ake jin kukanta daga ƙetaren kogi, asara ce a bar huhunta zaune. Ki zuba gishiri da man riɗi a cikin fatar, kada ki bar ta cikin rana tsaka, kuma duk wanda ya ce kina warin tunkiya ki hura masa a fuska.

Na huɗu, mai nauyin. Shekara biyu baffanku Ersa ba ya gaisawa da maƙwabcinmu tsoho Ding. Ranar da Ersa ya sayi jirgin inji ya ce min, "Kai Yunusi, ci gaba da sumbatar ƙafar matacciyar tunkiya, mu mun shiga zamani." Sai wani ya nitsa ya ɗaure masa jirgin da saiwar itace ta ƙarƙashin ruwa. Ya wuni yana ta da inji, baƙi cike, jirgi bai motsa ba. Ya rantse Ding ne. To, ni ne. Ding bai ma iya nitso ba. Ku kai masa shayi da dabino, Ersa ya shige gaba, ku roƙar min gafara wajen su biyun.

Kuma kada ku riƙi baffanku. Ɗazu ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Ƙanena, salkunan nan naka lafiyarsu ƙalau kuwa?" Na ce, "Yaya, ina zamanin?" Sai ya durƙusa ya hura shida cikin goma sha ukun har jiri ya ɗebe shi. Gobe kusan rabin abin da zai riƙe ni a kan ruwa numfashinsa ne. Jirgin salka shi ke ɗaukarka in za a gangara, in za a koma sama kai ke saɓa shi a baya. Haka dangi suke, kada ku yarda a ce gangara kaɗai kuka iya.

Na biyar. Na hura salka ta goma sha huɗu na rataye ta bayan ƙofa. In na dawo, za mu lallaɓa mu uku lokacin da Baffa Ersa ke barcin rana, mu kwance ta daidai kunnensa, mu ce tsoho Ding ne ya saki iska. In ban dawo ba, ku dai yi hakan. Dawude ya riƙe, Sofiye ta kwance igiya, uwarku ta tsaya kusa. Ba na son a ajiye numfashina ana kuka a kansa har ya sace a banza.

Allah Ya raya ku, Ya haɗa kanku kamar salkuna a katako ɗaya, kada ɗaya ta kwance ta bar saura. Haliche, ki yafe min. Kwaɗon nan na cikin tukunyar shayi ma ni na saka shi.